Lefe Mai Launi Ɗaya

Kwana ashirin da ɗaya Malam Salifu ya bayar, bai ƙara ko yini guda ba.

A zaure ya faɗa, gaban dattijan da Gazali ya turo. Ya ce shi ba zai yi wa 'yarsa Zuhura dole ba, shekarunta ashirin da huɗu, da keken ɗinkinta take riƙe kanta har ta taimaki gida. Amma yayarsa Hindu ce ta raine ta tun ranar da uwarta ta rasu, don haka maganar lefe a hannun Hindu take. Idan an kawo kaya ta buɗe gaban mata ta ce ta karɓa, sai a sa rana. Idan ta ce a mayar, an mayar ke nan, kuma kada Gazali ya sake tsayuwa a ƙofar gidan.

Duk Tasawa an san abin da Gwaggo Hindu za ta ce. Mace ce da atamfa ta shiga ranta. In za ta ba ka labarin bikin da aka yi shekara goma baya, ba za ta tuna sunan ango ba, amma za ta zayyana maka zanen da kowace mace ta ɗaura. Gwamnatin soja tana ta shela a rediyo a rage almubazzaranci a biki, ita kuwa ta ce sojan ya bari sai ya haifi 'ya mace.

Shekarar kuwa ba ta biki ba ce. Damina ta yi ƙarya, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. An rufe iyakar Najeriya, atamfa ta yi ɓatan dabo a kasuwa. Gazali Buzu ne, mutumin ƙauyen El Allassane Maïreyrey, kuma da idonsa ya ga garken gidansu ya ƙare ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauko mahaifiyarsa Tanna suka kafa bukka a bayan gari, yana sauke buhunan dawar taimako daga manyan motoci don su sami na tuwo. Jaki guda ne ya rage musu.

Ga kuma Ɗanladi, shi ma mai neman Zuhura. Ɗan kasuwa ne daga Mayahi, wanda ya san hanyoyin daji da 'yan duwan masu tsaron iyaka ba su sani ba, shi ya sa shagonsa kaɗai ke da atamfa. Tun da ya ji sharaɗin Malam Salifu ya aiko wa Gwaggo Hindu turmi mai ruwan ɗorawa da jajayen tsuntsaye, wai gaisuwa ce kawai. Gwaggo ta shimfiɗa shi bisa gado, duk wadda ta shigo sai ta nuna mata.

Kwana biyu da yanke magana, Gazali ya zo rumfar ɗinkin Zuhura da hantsi. Bai zauna a bencin da ya saba zama ba. Ya tsaya daga bakin rumfa yana kallon ƙasa, ta tsayar da keken tana jiransa.

Ya ce ya bi duk inda zai bi. Abin da ke hannunsu bandir guda ne na farin yadi, wanda Tanna ta ɓoye tun shekarun wadata. Babu atamfa, babu shadda, babu ko ɗankwali mai fure. 

“Zuhura, in na kai hwarin yadi gidanku, ca za a yi likkahwani na kawo. Ni an yi mani dariya ba komi, na saba tun da munka shigo garin ga. Ke ce ba ni so a yi ma. Gara in janye da mutuncinki.”

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta tambaye shi ko ya daina sonta ne, ya faɗa mata kai tsaye ta san inda dare ya yi mata. Ya rantse da Allah ko a mafarki bai taɓa tunanin haka ba, ya ce ranar da raƙumarsa ta ƙarshe ta faɗi bai ji abin da yake ji yanzu ba. Ta ce to ita shekara biyu ta yi tana korar masu zuwa saboda shi, ba za ta bari bandir ɗin yadi ya raba su ba. 

Can ta ɗago. “Kamu nawa ne cikin bandir ɗin?”

Ya faɗa mata. Ta rufe ido tana motsa yatsu, irin yadda take yi in tana auna mace a zuci.

“Ka kawo mani shi gobe. Ka naɗe cikin tabarma, kar kowa shi gani.”

Gazali ya zaro ido. Amarya ba ta ganin lefenta kafin danginta su gani, balle ta sa masa hannu. Ta ce ta sani, ita ma a garin aka haife ta.

* * *

Baba Na Allah shi ne marini na ƙarshe da bai tafi cirani ba. Zuhura ta same shi zaune a bakin karofi, ramukan duk sun bushe, ƙadangaru na shiga da fita. Ta gaishe shi ta zayyana masa abin da take so. A yanka yadin kashi huɗu. Kashi ɗaya a tsoma shi sau ɗaya tak, ɗaya sau uku, ɗaya sau biyar, na ƙarshe a yi ta tsomawa har ya koma kusan baƙi, sannan a buge shi ya yi sheƙi.

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Ya ce a shekara arba'in da ya yi yana rini, mata biyu ne rak suka taɓa zuwa masa da lissafin tsomi, sauran cewa suke a yi shuɗi kawai. Ganyen baba na rini yana da shi, toka tana nan, hannunsa ma ƙaiƙayi yake. Ruwa ne babu. Rami guda yana shan tulu fiye da arba'in kafin ya tashi, ga na ɗauraya kullum, kuma rijiyoyin cikin gari mata na kwana a layi kafin su sami na sha. Ya ce shi ba zai ɗebi ruwan bakin mutane ya zuba a rami ba.

Da Gazali ya ji, sai dabara ta faɗo masa. Akwai wata tsohuwar rijiya can yamma da gari, tafiyar awa biyu, mai zurfin gaba talatin, ruwanta da ɗanɗanon kanwa har ba a sha. Ya ari salkar ɗiban ruwa biyu ya ɗaura wa jakinsa.

Kullum da asuba ya tafi, ya ja guga shi kaɗai, ya dawo ya juye a karofi, ya wuce sauke buhuna. Da la'asar ya sake komawa. Igiya ta yanyanka masa tafin hannu, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. A kwana na shida ramin ya cika, a na goma sha biyu kumfa ta taso da warin nan nata, Baba Na Allah ya sa yatsa ya ɗanɗana ya ce rini ya nuna.

Zuhura kuwa ta riga ta ɗinka riga tun yadin yana fari, don ta san allura ba ta son yadin da aka buga. Ta yi mata wuya mai faɗi, ta bi bakin wuyan da hannuwa da surfani na farin zaren auduga, saboda zaren ya sha rini tare da rigar. A kan ɗankwali ta ƙulla ƙwayoyin dawa ɗaya-ɗaya da zare, aka tsoma sau huɗu, ta kwance su, aka sake tsomawa sau ɗaya, don kada fari ya rage ko ɗigo.

Ana saura kwana uku Ɗanladi ya tsayar da babur ɗinsa a bakin rumfa. Ya ce ya ji labarin wahalar da ake sha, abin ya ba shi tausayi. Akwati uku ya tanada, babu zane biyu masu kama da juna, mako-mako za ta riƙa canzawa har shekara ta zagayo. Ta ce Allah ya ƙara buɗi, ya ba shi mai ɗaurawa. Ya yi dariya ya ce sai ranar Juma'a, zai zo ya ga yadda Buzaye ke ɗaukar akwati a ka sau biyu.

Da ya tafi ta koma kan keken, ta kasa zura zare. Tsoro ne, ba wani abu ba.

* * *

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci tsakar gidan Malam Salifu ya cika. Har matan da ba a gayyata ba sun zo, don a shekarar yunwa abin kallo ma tsada yake. Tanna ta shigo da mata biyu daga cikin danginta, doguwa, ramammiya, ta zauna a bakin tabarma ta miƙe wuya. Aka ajiye akwatin ƙarfe guda ɗaya a tsakiya.

Zuhura tana cikin ɗaki, kamar yadda ake yi, ta jingina da bayan ƙofa tana saurare.

Gwaggo Hindu ta yi bisimilla ta buɗe. Lefe ba a warware shi, ɗagawa ake yi a ninke a nuna wa mata a ajiye. Ta ɗaga na farko, shuɗi. Ta ɗaga na biyu, shuɗi. Da ta ɗaga na uku wata daga baya ta tambaya ko marinin makaho ne, aka kwashe da dariya. A ninke, a cikin inuwar rumfa, duk kusan abu ɗaya suke, kamar an raba tsumma gida huɗu.

Gwaggo ta lashi yatsa ta murza a kan mai duhun, irin gwajin da take yi wa atamfa. Yatsan ya fito shuɗi. Ta ɗaga shi sama ta zagaya da shi kowa ya gani.

“Zuba ma shikai. Ɗiyar da na raina da hannuna, in bada ta bisa zane mai zuba? A maida musu abinsu.”

Ɗaya daga cikin matan Tanna ta buɗe baki za ta ce a wurinsu wannan zubar ita ce darajar zane, Tanna ta taɓa mata gwiwa ta hana ta. Aka rufe akwatin, aka tura shi cikin ɗakin da Zuhura take, kafin a kira maza su fitar da shi. Gwaggo ta aika a gaya wa Malam Salifu a zaure an gama.

Zuhura ta durƙusa gaban akwatin, hawaye na ɗiga a kan murfin. Ta san idan ta fita a wannan taro za a yi shekara ana maganarta, a ce marar kunya. Ta kuma san idan akwatin nan ya fita, Gazali ya fita ke nan har abada. Ta share fuska ta buɗe.

Zanen ta fara ɗaurawa, mai duhun da aka buga, ta saukar da shi har idon sawu don nauyin launin ya zauna a ƙasa. Ta sa rigar mai tsomi uku. Ta ɗaura ɗankwalin ta ɗaga shi sama kaɗan ta gefen dama. Ta cire 'yan kunnenta masu ruwan zinariya ta ajiye, ta cire jan warwaron da ke hannunta, don ta san abu ja guda ɗaya zai ɓata aikin duka. Sannan ta yafa mayafin mai tsomi ɗaya.

Ta ɗaga asabari ta fito.

Wadda ta fara ganinta ta saki ƙwaryar da ke hannunta. Surutu ya mutu daga gaba zuwa baya. Zuhura ba ta tsaya a inuwa ba, ta taka har tsakiyar gida inda rana ke faɗowa, ta tsaya.

Nan yadin ya nuna kansa. Zanen da aka ce tsumma ne ya ɗauki rana yana walƙiya, baƙi-baƙi, ja-ja, duk inda ta motsa ya canza. Rigar ta fi shi haske, surfanin wuyan ya fito sama-sama, sai an matso ake gane zare ne. Ɗige-ɗigen ɗankwalin suka bayyana kamar an watsa gero a kan baƙar ƙasa. Mayafin kuwa shuɗi ne mai sanyi, shara-shara, ya haska mata fuska. Ido ya tashi daga ƙafarta ya hau har ka babu inda ya yi tuntuɓe, ta ƙara tsawo, ta ƙara kwarjini. Matan da suka sha atamfa mai fure bakwai suka dubi jikinsu, wasu suka ja gyale suka rufe.

Gwaggo Hindu ce ta fara samun bakin magana. Ta ce wace irin fitsara ce wannan, amarya a tsakiyar ganin lefe, ta koma ɗaki tun ba ta saɓa mata ba.

Zuhura ta durƙusa a gabanta. “Gwaggo, ki gahwarce ni. Kin ga kayan ga a ninke kin ce a maida. Ina roƙonki ki gan su a jikina, sannan ki sake hwaɗi. Abin da kinka ce shi za ni bi.”

Kafin Gwaggo ta amsa, Tanna ta miƙe. Ta zo ta tayar da Zuhura tsaye, ta zagaya ta sau ɗaya tana dubawa. Ta kwance wani tsohon mabuɗin azurfa daga gefen nata mayafin, irin wanda matan Buzaye ke ɗaurawa don iska kada ta kwashe musu lulluɓi. Ta ƙulla shi a kusurwar mayafin Zuhura, ta jefa ta bayan kafaɗa. Mayafin ya zauna ɗas, ya sauka a miƙe. Farin azurfar nan guda ɗaya a kan shuɗin shi ya ƙarasa komai.

Mata suka taso. Wannan ta taɓa wuyan riga, waccan ta tambayi yadda aka yi ɗigon ɗankwali. Wadda ta ce marini makaho ne ita ce ta fi kowa matsowa, tana tambaya ko Baba Na Allah zai karɓi tsohon farin zanenta.

Gwaggo Hindu ba ta motsa ba. Ta kama bakin hannun rigar ta juya shi ciki, ta ga ɗinkin, ta gane na wace ce, don ita ta fara koya mata riƙon allura. Ta daɗe tana murza shi. Sannan ta yi tambayar da babu wanda ya yi tunaninta. Ta ce karofin Na Allah ya bushe tun bara, ina aka sami ruwan da aka tayar da rami?

Zuhura ta gaya mata. Rijiyar kanwa, salka biyu, sawu biyu kullum, kwana goma sha tara, mutum ɗaya.

Malam Salifu yana tsaye a bakin zaure, ya shigo ne ya sa a fitar da akwati, ya ji komai. Ya san rijiyar, a can suke shayar da shanu yana yaro, mutum uku ke kama igiyarta. Ya dubi yayarsa yana jiranta, don magana ya riga ya ba ta.

Sai ga hawaye a fuskar Gwaggo Hindu, abin da matan unguwa ba su taɓa gani ba ko ranar mutuwar mijinta. Ta ce a shekarar yunwa aka yi nata auren, da zane ɗaya aka kai ta, matan gidan suka yi ta yi mata waƙa da shi har ta haihu. Tun ranar da aka miƙa mata Zuhura a tsumma ta yi alkawari ba za a yi wa wannan yarinya dariyar da aka yi mata ba. Ita ba ƙin Buzu take ba, tsoro take ji.

“Gwaggo, dubi,” in ji Zuhura a hankali. “Wa ke dariya?”

Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi tsakar gidan, fuska ɗaya-ɗaya. Babu mai dariya. Ta share ido da bakin zanenta, ta miƙe, ta ce ɗaurin ɗankwalin nan ya yi baya da yawa, yaran yanzu ba su iya komai ba. Ta sa hannu biyu ta gyara shi, ta ja da baya ta duba, ta sake taɓawa. Sannan ta juya wajen ƙanenta.

“Salihu, ka hwaɗa musu na karɓa.”

Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda rabon unguwar da ji tun kafin ruwa ya ɗauke. Matan Tanna suka amsa da tasu, gida ya ɗauka.

A waje, Ɗanladi yana zaune bisa babur a inuwar itacen bedi, ya ji guɗar ya tambayi wata mai fitowa ko me ya faru. Ta ce masa shuɗi ne ya yi magana, ya je ya nemi mai son tsuntsaye. Ya tayar da babur, sai da ya buga sau huɗu kafin ya kama.

Gazali yana can nesa a jikin katanga, inda ya tsaya tun azahar yana jiran a miƙo masa akwati. Da ya ga Malam Salifu ya fito ya nufo shi, ya durƙusa. Dattijon ya ce ya ba shi hannunsa. Gazali ya yi jinkiri, sannan ya miƙa. Malam Salifu ya kwance tsumman, ya dubi tafin da igiya ta farfasa, ya daɗe yana dubawa.

“Tashi, ɗana,” ya ce. “Ka turo manyanka gobe da sahe a sa rana. Kuma daga yau in ka zo, cikin zaure za ka zamna.”